Yadda ake ɗora lasifikokin silin da ampili don sinimar gida a Yamai

Kwanakin baya wani abokina da ke zaune a Bukoki ya kira ni in zo in saurari kayan sautin da ya kashe wa kuɗi. Lasifika huɗu ya sa aka huda masa a silin, ɗaya a kowace kusurwar falo, a jere tsaf kamar ƙwayayen fitila. Ido ya ƙoshi, kunne kuwa bai samu komai ba. Jirgin sama ya wuce a cikin fim, muka ji shi yana rarrafe a jikin bango. Kayan ba su da laifi ko kaɗan. Mai aikin ne ya auna daga bango, alhali wannan aiki daga kujerar da za ka zauna ake auna shi.

Abin da ake nema da lasifikar sama shi ne sautin Dolby Atmos, wanda ya fara shiga gidajen sinima a 2012, ya iso gidajen mutane a 2014, sai abokin gogayyarsa DTS:X ya biyo baya a 2015. A wannan tsari ana ba kowane sauti gurbinsa a cikin ɗaki, har da saman kanka: ruwan sama, tsawa, tsuntsu, helikwafta. Lambobin da za ka gani a kwali kuwa ba su da wuya. Idan aka rubuta 5.1.2, ana nufin lasifika 5 a ƙasa daidai kunne, akwatin bas 1, da lasifika 2 a sama. 5.1.4 kuma huɗu ne a sama. Ka riƙe lambar ƙarshen nan, ita ce za ta yanke maka irin ampilin da za ka saya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta raba wa lasifikoki.

Ka fara ɗaga kai ka dubi silin ɗinka

Kafin ka taka zuwa kasuwa, ka san abin da ke bisa kanka, don gidajen Yamai ba rufi ɗaya gare su ba.

In dal ne, wato rufin kankare, to zancen huda rami ya ƙare. Kada ka yarda wani ya hau da guduma da kurfi ya ce zai sassaƙa maka gurbi; akwai rodi a ciki, akwai tiyon wayar wuta, kuma ƙarfin ginin kake taɓawa. Abin da ya dace da dal shi ne ƙananan lasifikoki masu akwati da ƙafar ƙarfe, a huda ƙananan ramuka da injin huda bango, a sa roba a ɗaure da sukurori, a karkato fuskarsu zuwa kujera. In ma hakan bai yi maka ba, ana iya kafa biyu a can ƙololuwar bangon gaba, bisa lasifikokin hagu da dama. Ba su kai na silin ba, amma sun fi babu.

In silin na filawud ne a ƙarƙashin kwano, ko na farin filasta da ake kira sitaf, ka yi sa'a: lasifikar da ake nutsawa ciki za ta zauna. Na roba kuwa, irin dogayen falankan nan masu shiga juna, ba ya ɗaukar nauyi kuma yana karkarwa da zarar bas ya taɓa shi. Sai kafinta ya shiga ya kafa guntun filawud mai kauri a tsakanin katakan rufi, a huda shi tare da robar, nauyin ya hau kan katako.

Akwai wata dabara ta uku, lasifikar da ake ɗorawa bisa ta gaba tana kallon sama, ta jefa sauti a silin ya dawo maka. Tana buƙatar silin shimfiɗaɗɗe mai tauri, tsayinsa kamar mita 2.4 zuwa 3.6. A ƙarƙashin dal tana ɗan yin aiki. A falon da aka yi wa sitaf mai hawa-hawa da zane-zane, asarar kuɗi ce. Ni dai ban cika ba da shawararta ba sai ga ɗan haya da mai gida ya hana shi taɓa rufi.

Awo

Nan ne aikin yake, don haka ka ja kujera mu daɗe.

Ka fara tsayar da wurin zama. Ba wurin da kujera take yau ba, wurin da za ta dawwama. Ka yi shawara da uwargida tun yanzu, don in ta juya falo bayan salla, ramin silin ba ya bin ta. Ka zauna yadda ka saba, wani ya auna daga ƙasa zuwa kunnenka. A kan kushin yakan kama santimita 100 zuwa 120. In kuwa gidanku a kan kafet ake kallo, a jingina da filo, ka auna hakan, kada ka auna kujerar da baƙi kaɗai ke hawa.

Sai ka auna tsayin silin, ka cire tsayin kunne. Mu ce silin santimita 300 ne, kunne 110. Saura 190. Wannan lamba ita ce jarinka.

Ga mai lasifika biyu a sama: Dolby ta ce su zauna tsakanin digiri 65 zuwa 100 in an auna daga gabanka a ɗaga zuwa sama, kuma 80 ne aka fi so. Ma'ana, ba daidai tsakar ka ba, gaba kaɗan. Ba sai ka nemo abin auna kusurwa na ƴan makaranta ba. Ka raba jarin nan naka gida shida, abin da ya fita shi ne tazarar da za ka matsa gaba. A misalinmu, kamar santimita 30 zuwa 35 gaban kunne.

Ga mai huɗu: biyun gaba tsakanin digiri 30 zuwa 55, biyun baya tsakanin 125 zuwa 150, an fi son 45 da 135. Lissafin 45 ya fi kowanne sauƙi, don tazarar daidai take da jarin: santimita 190 gaba, santimita 190 baya. To a nan ne falonmu ke ba da matsala. Yawancinmu kujera a manne take da bango. Ko ka matse iyaka, ka tsaya a digiri 125, kana buƙatar kamar santimita 130 a bayan kanka. In babu wannan fili, kuma ba za a janyo kujerar ba, ka haƙura da huɗu, ka yi biyu masu kyau. Biyu a gurbinsu sun fi huɗu a inda ba nasu ba. Abokina na Bukoki shaida ne.

Faɗi kuma fa? Lasifikokin sama suna bin layin na gaba, hagu da dama. Na gaban ana buɗe su digiri 22 zuwa 30 daga tsakiya, wato in tsakaninka da tele mita 3 ne, tsakaninsu zai kama mita 2.4 zuwa 3.5. Ka ja layi da alli a ƙasa daga kowace lasifikar gaba zuwa bayan ɗaki, ka sa alama a inda awon ya faɗa, sa'an nan ka ɗaura ƙaramin dutse a zare, ka hau tsani, ka nemi wurin da dutsen ke sauka daidai kan alamar. Nan ne tsakiyar raminka. A ɗan matso da su ciki kaɗan ba laifi ba ne, in bango ya yi kusa. Lasifikar da ta manne da bango sautinta a bangon yake ƙarewa.

Sai fanka. Littattafan Turawa ba sa kawo zancenta, amma a Yamai wa zai zauna falo a watan Afrilu babu fanka? Idan fukafukanta suka ratsa tsakanin lasifika da kunnenka, za su riƙa sara sautin, kamar yadda muryar yaro ke karkarwa in yana wasa a gaban fanka. Ka kunna ta, ka dubi da'irar da take zagayawa, ka tabbata ramukanka suna wajen da'irar, kuma daga kujera kana hango su ba ta cikin fukafukai ba. In dole ne ɗaya ya kauce, matsar da fanka ya fi sauƙi.

Abu na ƙarshe a awo, wanda ake yawan mantawa: lasifikoki biyar na ƙasa su sauko daidai kunne, na gefe su ɗara kaɗan kawai, a digiri 110 zuwa 120 ta bayan kafaɗa. Mun saba rataye su can kusa da rufi don kada yara su taɓa. In suka zauna a can, sama da ƙasa sun haɗe, kunne ba zai bambance komai ba.

Abin da za ka saya

Lasifikar silin mai inci 6.5 ta ishi falo madaidaici, mai inci 8 sai babban falo. Ka nemi mai om 8 ko 6 (om shi ne ma'aunin nauyin da lasifika ke ɗora wa ampili, in lambar ta ragu nauyin ya ƙaru), kuma in ka samu wadda ƙaramar ƙwayarta ta tsakiya ke juyawa, ka ɗauka, za ka karkato ta zuwa kujera. Hattara da irin waɗanda ake sawa a masallatai da otal da kantuna. A ido iri ɗaya ne, amma in ka juya bayanta za ka ga ƙaramin taransifoma da rubutun 100V ko 70V. An yi su ne don a jera da yawa a kan dogon layi ɗaya na sanarwa, ampilin sinima ba ya tuƙa su yadda ya kamata, sai in suna da maɓallin da ke komawa om 8. Mai kanti zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Ampili kuwa, ƙirga tashoshinsa za ka yi, kowace tasha lasifika ɗaya take tuƙawa, kuma ka ga tambarin Dolby Atmos a jikinsa da idonka. Mai tasha 7 yana ba ka 5.1.2. Mai tasha 9 yana ba ka 5.1.4 ko 7.1.2. Akwatin bas ba ya cikin ƙirga, da ampilinsa a cikinsa yake zuwa. Tsohon ampili mai tasha 7 na kafin 2014 ba zai zama Atmos ba don ka jona masa lasifikar silin.

Wasu manyan na Denon, Marantz, Yamaha ko Onkyo suna iya sarrafa tasha 11 amma 9 kaɗai suke iya tuƙawa. Ragowar biyun sai da ƙarin ampili, wanda ake jonawa ta ramukan da aka rubuta wa Pre Out da waya mai kan ja da fari. In na'urarka ta ba ka zaɓi, ka ba ƙarin ampilin lasifikokin gaba, hagu da dama, don su ne masu cin ƙarfi. Na silin abincinsu kaɗan ne. In babu Pre Out a bayan ampilinka, babu hanyar ƙari, sai ka sani tun kafin ka biya.

Kada wat ya ruɗe ka. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa galibi da tasha ɗaya ko biyu aka auna ta, wadda aka rubuta wa PMPO kuwa tatsuniya ce. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), ƙarin da kunne ke ji kaɗan. Shi ya sa lasifikar da aka rubuta wa desibel 90 a takardarta take yin ƙarar mai 87 da rabin ƙarfi. Kuma kada ka haɗa lasifika biyu a tasha ɗaya don ƙarin ƙara: biyu masu om 8 in suka haɗu kai da kai sun koma om 4, ampili ya yi zafi ya kashe kansa.

In na hannu za ka saya, ka karanta ƙaramin rubutun da ke kusa da wayar wutarsa. Kayan da suka fito daga Amurka na volt 120 ne, wutar NIGELEC kuwa 220 ce. Ka soka shi kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Sai da taransifoma mai rage wuta, wanda ƙarfinsa ya zarce abin da aka rubuta a bayan ampilin sosai.

Waya da huda

A Katako za ka samu waya, tiyon roba, sukurori da zarto. Waya mai kauri 1.5 ta tagulla zalla ta isa har kamar mita 15 ga lasifika mai om 8. In hanya ta fi haka nisa, ko lasifikar mai om 4 ce, ka hau 2.5. Akwai wadda cikinta alminiyom ne aka shafa mata tagulla a baya. Ka kankare silin waya ɗaya da wuƙa a gaban mai kanti: in fari ya bayyana, ita ce. Ba ta da nauyi a hannu, tana saurin karyewa, kuma tana cin sauti fiye da ta gaske.

Ka kashe wutar gidan daga mita kafin kowa ya hau. Aikin cikin silin kuma da sassafe ake yinsa; tsakanin kwano da silin da rana tsaka tanda ce, mutum na iya suma a ciki.

Kada ka fara da babban rami. Ka huda ƙarami a kan alamar, ka lanƙwasa guntun waya mai tauri ka zura, ka juya ta zagaye. In ta bugi katako ko tiyo, ka matsa kaɗan, ka matsar da ta ɗaya gefen daidai da haka don su yi daidai. Sai ka ɗora takardar awon da ke cikin kwali, ka zana da'ira, ka yanka a hankali. Sitaf yana da gautsi, zarto mai ƙananan haƙora yake so da hannu marar gaggawa.

Ka zura wayar cikin tiyon roba saboda ɓeraye, ka nisanta ta da wayar wuta. In dole su gamu, su gitta juna, kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ka bar rarar kamar rabin mita a bakin rami, ka liƙa takarda a kowane kai ka rubuta sunansa. A ƙarƙashin dal, kwaroron roba mai murfi za ka bi da ita ta kusurwar bango, a shafa masa fenti.

Shawarata ita ce kafinta ya yi wa kowace lasifika akwatin filawud ya kife a bayanta, a sa ɗan soso a ciki. Yana tare ƙurar hunturu da kashin ɓera da tsaka, yana rage zafin kwano, kuma yana hana sautin bi ta cikin silin ya sauka ɗakin da tsohuwa ke barci. Kada akwatin ya matse ta; in takardar kamfanin ta faɗi girma, ka bi.

Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a kai biyun. In ka rikice, ka taɓa wayar da batirin tocila mai volt 1.5 na ɗan lokaci: in fatar lasifikar ta turo waje, wayar da ke kan alamar + ta batirin ita ce ja. Ka murɗe silin wayar da kyau, don gashi ɗaya da ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya kashe ampili. Sukurorin da ke matse kunnuwan lasifika a silin kuwa da hannu za ka ƙarasa su, inji yana fasa sitaf. A bayan ampili, ramukan da aka rubuta wa Height su ne na sama. A mai tasha 7 sau da yawa suna raba gurbi da Surround Back.

Wuta da iska

Ba ɗaukewar wuta ke kashe kaya ba kamar dawowarta. Ka sa na'urar daidaita wuta mai jinkiri, wadda ke dakatawa kaɗan kafin ta saki wuta, kuma ka tara abin da tele, ampili da akwatin bas ke ci, ka sayi wadda ta ninka hakan ko ta kusa. Mai sola ya tabbata na'urarsa mai juya wuta irin wadda aka rubuta wa sinus pur ce, in ba haka ba zai ji ampili yana gurnani. In ka taɓa jikin ampili ba takalmi ka ji yana ɗan cizo, gidan ba shi da wayar ƙasa. Ka kira mai aikin wuta ya kafa ta. Ƙarin ampili shi ake kunnawa ƙarshe, shi ake fara kashewa.

Zafi kuma: kada ka kulle ampili a kabad, kada ka ɗora masa dikoda, kada a lulluɓe shi da ƙyallen ado. Ka bar masa aƙalla taƙi ɗaya a sama.

Saiti

Ka shiga jerin saitin lasifika ka gaya wa ampili gaskiyar abin da ka kafa: biyu a tsakiya Top Middle ne, huɗu Top Front da Top Rear, na ƙololuwar bango Front Height, masu kallon sama Dolby Enabled. In ka yi masa ƙarya a nan, duk abin da ya biyo baya karkatacce ne.

Sai makirfon awo da ke cikin kwali. Denon da Marantz suna kiran tsarinsu Audyssey, Yamaha YPAO, Pioneer MCACC, Onkyo AccuEQ, wasu kuma suna da Dirac Live. Ka kafa makirfon daidai inda kanka ke zama, yana kallon sama, ba a hannu ba, ba kuma a manne da jinginar kujera ba. Ka sa maɓallin ƙarar akwatin bas a tsakiya. Ka kashe fanka da na'urar sanyi, ka rufe tagogi, ka jure gumin minti goma sha biyar. Hantsi ya fi, yara suna makaranta, ba lokacin kiran salla ba, ba kuma lokacin da injin maƙwabci ke ruri ba. In falon tayil ne tsirara, ka shimfiɗa kafet ka saki labule kafin awo, tun da amsa-kuwwa ba ta gyaruwa da maɓalli.

Da ya gama, ka bi bayansa. Duk lasifikar da ya kira babba (Large) ka mai da ita ƙarama (Small), ka sa iyakar bas (Crossover) ta na ƙasa a hertz 80, ta na silin a 100 ko 120, don nauyin ya koma akwatin bas. Kana iya ɗaga iyakar da ya zaɓa, amma kada ka sauke ta. Ka gwada nisan da ya rubuta da naka awon. Na akwatin bas yakan fi na zahiri tsawo, ka bar shi haka. In bayan kwana biyu ka ji saman ya yi shiru da yawa, ka ƙara masa desibel 1 ko 2, kada ka wuce. Ba a so ka riƙa jin lasifikar kanta kullum.

Saura abin kallo. Wayar haske, wadda ake sokawa a ramin Optical, ba ta ɗaukar Atmos, wayar HDMI kaɗai. In daga tele sautin ke komawa ampili, ka yi amfani da ramin HDMI da aka rubuta wa eARC ko ARC, ka sa tele ta miƙa sautin yadda ya zo, kada ka zaɓi PCM a saitin sautinta. Faifan Blu-ray yana ɗauke da shi a cikin Dolby TrueHD, masu haska fim ta intanet irin su Netflix kuma a cikin Dolby Digital Plus, shi ma sai a babban tsarin biyansu. Bidiyon YouTube da aka rubuta wa Atmos ba shi ba ne. Alƙali shi ne fuskar ampili: in ba ta rubuta Atmos ba, bai iso ba. Finafinan da ake tura mana a kati da ƙwallon da muke kallo a dikoda galibi ba su da shi. A nan sai ka zaɓi Dolby Surround ko DTS Neural:X, su ɗebo ihun ƴan kallo da kiɗa su watsa sama. A wasan ƙwallo abin yana da daɗi ƙwarai. Bayan isha kuma ka kunna saitin dare, wanda ke danne fashe-fashe ya ɗaga magana, don katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci.

Shi abokin nawa, kujerarsa a manne take da bango kuma uwargida ta ce ba inda za ta. Muka ciro biyun baya muka mai da su kwali, muka huda wa biyun gaba sabon gurbi santimita 35 gaban kunne, muka sauko da na gefe daga kusa da rufi. Tsofaffin ramukan huɗu kuwa, mai aikin wuta ya sa musu fitilu.